Daga Katin Zaɓe Zuwa Fom Ɗin Takara: Abin Da Doka Ke Nema A Wurinka

Ranar 13 ga Fabrairu, 2020, saura kwana ɗaya a rantsar da David Lyon na jam'iyyar APC a matsayin gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta soke nasararsa. Shi kansa ba a same shi da laifin komai ba. Matsalar tana cikin takardun mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, inda aka ga sunaye daban-daban da ba su dace da juna ba. Washegari Douye Diri na PDP aka rantsar.

Na fara da wannan labari ne domin abin da ya kayar da Lyon shi ne ke hana dubban mutane jefa ƙuri'a a kowane zaɓe, wato suna da bai daidaita a takarda ba da kwanan watan da aka bari ya wuce. Mai zaɓe da mai neman a zaɓe shi duk ƙofa ɗaya suke bi, kuma ana rufe ta watanni kafin ranar da za a yi layi a rumfa.

Ƙa'idojin wuri biyu suke fitowa. Sharuɗɗan wanda zai tsaya takara suna cikin Tsarin Mulkin 1999, kuma ba sa canzawa sai an yi wa tsarin mulkin kwaskwarima. Wa'adi, tara da hanyar gudanar da abubuwa kuwa suna cikin dokar zaɓe, wadda majalisa ke yawan taɓawa. Adadin kwanaki da kuɗin da zan ambata a ƙasa na Dokar Zaɓe ta 2022 ne, wadda aka yi babban zaɓen 2023 da ita. Kowane zaɓe hukumar INEC na fitar da jadawalinsa, kuma ranakun da ke cikin wannan jadawali su ne za ka riƙe.

Wanda ya cancanci yin rajista

Dole ka kasance ɗan Najeriya, ka cika shekara 18 a ranar da kake rajistar, sannan ka kai kanka da kanka. Wurin da za ka yi rajista kuma sai ya kasance kana zaune a can, ko kana aiki a can, ko asalinka can ne. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga 'yan ci-rani. Bakatsinen da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas yana da zaɓi biyu, Legas ko Katsina, amma ɗaya kawai zai ɗauka. Kafin ya ɗauka ya tuna cewa ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar motoci, kuma kati ba ya aiki sai a rumfar da sunan mai shi yake. Idan ya san ba zai samu kuɗin mota ko lokacin komawa gida ba, gara ya yi inda yake kwana.

'Yan Najeriya mazauna ƙetare, ko a zangon Kumasi ne ko Yamai ko Jidda, ba su da rumfa a can. A zaɓen 2023 duk wanda ya so jefa ƙuri'a sai da ya dawo gida, kuma rajistar ma a cikin ƙasa ake yin ta.

Yadda ake yin rajistar

Mataki na farko shi ne ka tambayi kanka ko ka taɓa yi. Idan ka taɓa dangwala yatsu a na'urar INEC tun daga rajistar 2011 zuwa yau, kana cikin kundi, kuma katin dindindin ba ya tsufa balle a ce ya daina aiki. Mutane da yawa idan kati ya ɓata ko sun tashi daga unguwa sai su koma layi su yi sabuwa, suna ganin hakan ya fi sauƙi. Hukumar na da manhajar da ke gwada hoton fuska da zanen yatsu na kowa da kowa. A rajistar da aka yi daga 28 ga Yuni, 2021 zuwa 31 ga Yuli, 2022, mutum 12,298,944 ne suka kammala, aka zubar da 2,780,756 daga ciki, galibi saboda sun yi sau biyu. Duk waɗannan sun sha rana a banza. Dokar 2022 ma ta tanadi tarar da ta kai naira 100,000 ko ɗaurin shekara ɗaya a kan wannan laifi.

Na biyu, haɗa shaidarka. Dokar ta ambaci takardar haihuwa, fasfo, katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi, ko wata takarda da za ta nuna ko kai wane ne, shekarunka da ƙasarka. Idan kana da lambar NIN ka tafi da takardarta. Saurayi ko budurwar da fuskarsu ke nuna ƙuruciya su ne aka fi tambaya shaidar shekaru, don haka kada su je hannu rabbana.

Na uku, idan kana da waya mai intanet kana iya fara cike bayananka a shafin hukumar, ka zaɓi cibiya da ranar da za ka je. Amma wannan share fage ne kawai. A 2021 da 2022 sama da mutum miliyan 10 sun fara cikewa ta intanet, waɗanda suka je aka ɗauki yatsunsu ba su kai miliyan 3 da rabi ba. Sauran fiye da miliyan 7 ba su kammala ba. Wanda ba shi da waya babu abin da ya rasa, kai tsaye zai tafi ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa, domin akwai shi a dukkan ƙananan hukumomi 774. Kyauta ake yi. Duk wanda ya ce ka kawo na goro domin ya shigar da kai, aljihunsa yake wa aiki.

Na huɗu shi ne ɗaukar hoto da zanen yatsu. Mace mai niƙabi za ta buɗe fuska a ɗauki hoton. Lalle mai kauri a kan yatsu kan wahalar da na'ura, don haka 'yar'uwa, idan biki na tafe ki je rajista kafin ki zauna ƙunshi. Manoma, magina da masu wanki da yatsunsu suka goge kada su damu sosai, domin na'urar BVAS da ake tantancewa da ita ranar zaɓe tana duba fuska idan yatsa ya ƙi.

A nan ne nake so ka tsaya ka natsu, wato lokacin da jami'in ke buga sunanka a kwamfuta. Mu Hausawa sunayenmu suna da rassa. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Mamman a unguwa. Abubakar ya zama Garba ko Habu, Usman ya zama Shehu. Wani makaranta ce ta liƙa masa sunan garinsu ya zama Sani Bichi, a banki kuma Sani Abdullahi ne. Mace ta yi aure ta ɗauki sunan miji a wata takarda, a wata kuma na mahaifinta ne. Zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke kan NIN ɗinka da takardun makarantarka, ka sa a buga shi harafi bayan harafi. Ka nemi a karanta maka abin da aka rubuta, har da ranar haihuwa da rumfar da aka sa ka. Idan layi ya yi tsawo ana hanzari, minti biyun nan haƙƙinka ne.

Za a ba ka 'yar takarda bayan an gama. Ka adana ta. Ba a zaɓe da ita, amma tana sauƙaƙa neman katinka idan ya fito.

Sauya rumfa, gyara da katin da ya ɓata

Wanda ya tashi daga Gusau ya koma Zariya, abin da zai nema shi ne a mayar da rajistarsa sabon wurin. Ana yi ta intanet ko a ofishin ƙaramar hukumar da ya koma, sannan a buga masa sabon kati mai ɗauke da sabuwar rumfa. Kati ya ɓata, ya karye ko ya ƙone, sai a nemi madadinsa. Suna ko ranar haihuwa aka yi wa kuskure, sai a nemi gyara da takardar da ke nuna daidai. Duk waɗannan dokar 2022 ta ce a rufe su aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, amma a aikace hukumar kan rufe tun kafin nan domin ta samu lokacin tace kundi da buga katuna. Zaɓen shugaban ƙasa an yi shi 25 ga Fabrairu, 2023, rajista kuwa an rufe ta tun ƙarshen Yulin 2022, kusan wata bakwai ke nan. Wanda ya jira sai fastoci sun cika gari, ya makara.

Akwai wani abu da ya rikita mutane a 2023. A 2021 an ƙara yawan rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, aka kuma raba wasu masu zaɓe daga rumfunan da suka cika maƙil zuwa sababbi. Mutum ya je makarantar firamaren da ya saba, ya duba bango bai ga sunansa ba, ashe yana wata rumfa a bayan masallaci. Ka duba rumfarka a shafin hukumar ko a ofishinta tun da sauran kwanaki.

Kafe sunaye da karɓar kati

Kafin babban zaɓe ana kafe kundin masu zaɓe na kwana bakwai a mazaɓu, waɗanda adadinsu ya kai 8,809 a faɗin ƙasa. Mutane kaɗan ne ke zuwa dubawa, alhali a nan ne ake kama kuskure tun yana da magani. Ka duba naka, ka duba na iyalinka. Idan ka ga sunan mamaci, ko na yaron da ka san bai kai 18 ba, ko na wanda ba ɗan ƙasa ba, doka ta ba ka damar shigar da ƙorafi a rubuce.

Kati kuwa mai shi ne ke karɓa. Miji ba ya karɓar wa mata, kansila ba ya karɓar wa unguwa. Daga cikin mutum 93,469,008 da ke kundin 2023, miliyan 87 da ɗoriya ne suka karɓi nasu, sama da kati miliyan 6 suka kwana a ofisoshi. Idan ya shigo hannunka kuma, kada ka bai wa wani ɗan siyasa ajiya, ko ka karanta wa baƙo lambar da ke jiki don an ce za a raba tallafi. Saye da sayar da katin zaɓe laifi ne da dokar 2022 ta yanka wa tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyu. Mai saye ma ya san ba zai iya zaɓe da katin wani ba tunda na'ura na duba fuska. Abin da yake so shi ne kai ka zauna a gida.

Wanda ke son tsayawa takara

Shekaru su ne abu mafi sauƙi. Tun bayan gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, mai neman shugabancin ƙasa sai ya cika 35 maimakon 40, ɗan majalisar wakilai da ɗan majalisar jiha 25 maimakon 30. Sanata da gwamna an bar su a 35. Masu dogon tunani za su tuna Salisu Buhari, wanda ya sauka daga kujerar kakakin majalisar wakilai a Yulin 1999 bayan an gano ya ƙara wa kansa shekaru kuma digirin jami'ar Toronto da ya ce yana da shi na bogi ne. Shekarunsa 29 a lokacin. Da a yau ne, shekarun sun isa. Digirin kuwa ko a wancan lokaci babu dokar da ta nema a wurinsa.

Abin da tsarin mulki ke nema shi ne ilimi zuwa matakin takardar sakandare ko makamanciyarta, kuma sashe na 318 ya buɗe ma'anar sosai. Takardar malanta ta Gireti Tu ta shiga. Wanda ya yi karatu har matakin sakandare ya shiga. Har mai takardar firamare ya shiga, in dai ya yi aikin gwamnati ko na kamfani na shekara 10, ya halarci kwasa-kwasai da jimillarsu ta kai shekara ɗaya, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda INEC za ta gamsu. Shawarata ga kowane ɗan takara ita ce ya miƙa mafi ƙarancin takardar da ta cika sharaɗi, wadda ya tabbata makarantar da ta ba shi za ta tsaya a kotu ta ce tata ce. Kowace takardar ƙari ƙofa ce ya buɗe wa lauyan abokin hamayya.

Shugaban ƙasa da gwamna dole su kasance 'yan ƙasa ta hanyar haihuwa, haka mataimakansu. Ɗan majalisa kuwa zama ɗan ƙasa kawai ake nema. A Arewa, inda iyaka ta raba dangi gida biyu, wannan makami ne da aka daɗe ana zarewa. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno, ta kai shi Chadi da cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi. A shari'ar zaɓen 2019 ma APC ta ce Atiku Abubakar ba haifaffen Najeriya ba ne, saboda Jada na ƙarƙashin Arewacin Kamaru lokacin da aka haife shi a 1946, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Ƙa'idar dai tana sashe na 25, kuma jini take bi. Wanda aka haifa a Maraɗi ko Makka, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma haifaffen ɗan ƙasa ne.

Sharaɗi na huɗu shi ne jam'iyya. Tsarin mulki ya ce sai kana ɗan wata jam'iyya kuma ita ta tsayar da kai.

Abubuwan da ke haramta takara suna sashe na 66 ga 'yan majalisar tarayya, 137 ga shugaban ƙasa, 182 ga gwamna, kuma kusan iri ɗaya ne: wanda hukuma ta tabbatar da taɓin hankalinsa, wanda ke ƙarƙashin hukuncin kisa ko ɗauri kan zamba da rashin gaskiya, wanda aka yanke wa hukunci kan irin wannan laifi ko kan saɓa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata cikin shekara 10 da suka wuce, wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, ɗan ƙungiyar asiri, da wanda ya miƙa wa INEC takardar bogi. Lura cewa hukuncin kotu ake magana. Zargi ko gayyatar EFCC ba su hana mutum tsayawa. Shugaban ƙasa da gwamna ba sa wuce zaɓe biyu, 'yan majalisa kuwa ba su da iyaka, shi ya sa Ahmad Lawan yake majalisar tarayya tun 1999.

Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, kuma malamin makarantar gwamnati da na jami'ar gwamnati duk suna ciki. A riƙe kwafin takardar ajiye aikin mai hatimin ranar da aka karɓa. Masu muƙamin siyasa irin su minista, kwamishina da mai ba da shawara nasu ya fi tsanani a dokar 2022, domin sashe na 84(12) ya hana su shiga zaɓen fidda gwani suna kan kujera. Shi ya sa Rotimi Amaechi ya bar ma'aikatar sufuri a Mayun 2022.

Hanyar da ake bi zuwa takardar ƙuri'a

Fara da katin jam'iyya a mazaɓarka, ka kuma tabbata sunanka ya shiga kundin mambobi, domin dokar 2022 ta wajabta wa jam'iyya miƙa kundin ga INEC kwana 30 kafin fidda gwani. Kanawa sun ga nauyin wannan. A Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Abba Kabir Yusuf ba ya cikin kundin NNPP, sai ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce zama ɗan jam'iyya lamarin cikin gida ne da wata jam'iyya ba ta da hurumin tsoma baki. Ya tsira, amma bayan wata biyu jihar na zaman ɗar-ɗar. Mai sauya sheƙa dab da fidda gwani shi ya fi kowa buƙatar duba wannan.

Sai sayen fom, wanda jam'iyya ce ke yanka kuɗinsa. A 2022 APC ta sayar da na shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. A ganina a nan ne rage shekarun 2018 ya rasa rabin amfaninsa, domin ɗan shekara 25 da doka ta buɗe wa ƙofa ya tarar da kuɗin fom ya tare ta, ko da an yi wa matasa da mata ragi. Ƙananan jam'iyyu sun fi araha nesa ba kusa ba. Bayan fom sai tantancewar kwamitin jam'iyya.

Fidda gwani a dokar 2022 hanya uku ce: ƙato-bayan-ƙato inda duk mambobi ke zaɓe, ta deliget, ko masalaha. Masalahar ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye, kiran uban gida a waya bai wadatar ba. Dole jam'iyya ta sanar da INEC kwana 21 kafin taron, jami'an hukumar su halarta. Idan jam'iyyarka ta rabu gida biyu kowane ɓangare na nasa taron, ka binciki wanda uwar jam'iyya ta ƙasa ta shirya kafin ka kashe ko sisi. Zamfara ce babban misali. APC ta lashe komai a 2019, ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ba a yi sahihin fidda gwani ba, ƙuri'un duk sun tafi a banza. Kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7 da na jiha 24 suka kuɓuce rana ɗaya, Bello Matawalle na PDP da ya zo na biyu ya zama gwamna.

Idan ka yi nasara, jam'iyya ce ke miƙa sunanka, kwana 180 kafin zaɓe a dokar 2022, tare da fom ɗin EC9. Wannan fom rantsuwa ce da ake yi a babbar kotu, ɗauke da sunayenka, ranar haihuwa, makarantu da wuraren aiki, kuma cikin kwana bakwai INEC za ta kafe shi a mazaɓarka kowa ya karanta. Kada ka bar wa yaron ofis ya cike maka. Ka baje takardunka duka a tabarma, daga ta firamare har katin zaɓe, ka gwada suna da suna, shekara da shekara. Inda suka saɓa ka ga lauya ya shirya maka takardar canjin suna ta doka tun kafin lokacin takara, domin a shari'ar Bayelsa kotu ba ta karɓi tarin takardun rantsuwar da aka kawo don haɗa sunayen ba. Mai neman gwamna ko shugaban ƙasa ya yi wa takardun mataimakinsa irin wannan binciken, tunda tikiti ɗaya ne.

Wanda kuma aka zalunta a fidda gwani, ko ya ga ƙarya a fom ɗin wanda suka kara da shi, Babbar Kotun Tarayya zai nufa, kuma sai wanda ya shiga fidda gwanin da kansa ne ke da wannan dama. Sashe na 285(9) na tsarin mulki ya ba shi kwana 14 kacal daga ranar da abin ya faru. Sau da yawa dattawan jam'iyya kan ce a yi haƙuri ana kan sulhu, kwanakin kuwa suna ta tafiya har da Asabar da Lahadi. Ka shigar da ƙarar tukuna, idan sulhun ya yiwu ana iya janyewa.